Zan taka cikin birni a ƙafa daga Ƙofar Mata zuwa Dala, ba kiɗa ba surutu, ina neman shawara

Ɗan Yakasai:
Salamu alaikum jama'ar gida, da fatan an tashi lafiya. Shawara nake nema wajen manya. Ina so in yi bidiyon cikin birnin Kano amma a ƙafa, ba a mota ba, ba a adaidaita ba. In fara daga marinar Ƙofar Mata da sassafe, in bi ta wajen asibitin Murtala in fito babban masallaci, in zagaya Ƙofar Kudu in leƙa Gidan Makama, daga nan in nutsa Kurmi in ɓulla Jakara, in ƙare a kan Dala. Ba zan ɗora kiɗa ba, ni ma ba zan ce uffan ba, sautin garin kawai nake so mutum ya ji, hon, sallama, ciniki, karatun yara, duk abin da kunne ya tarar. Kayan aikina waya ce da pawa bank da ɗan makirfo na maƙalawa a riga. Wanda ya taɓa irin wannan don Allah ya faɗa min abin da zan kiyaye.

Editan Zoo Road:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ɗaya ce ƙanina, ba wanda zai kalla. Mutanenmu da datarsu ta kwana ɗaya su zauna suna kallon kana tafiya a lungu ba waƙa ba bayani? Kafin sakan goma sun wuce. Ka yanka shi gutsi-gutsi, minti ɗai-ɗai, a tsaye, ka sa masa kiɗan algaita a ƙasa ka watsa TikTok. An ce gani ya kori ji, hoto ake kallo.

Baƙon Jidda:
Oga edita ka yi wa kanka magana dai. Ni zan kalla, kuma sai na maimaita. Mu da muke waje hoton Kano bai yi mana wuya ba, Facebook cike yake da gadar Ƙofar Nassarawa da hoton Dala daga sama, abin da ba ma samu shi ne ƙarar garin. Wallahi ina kewar ƙarar almakashin mai yankan farce idan ya shigo layi yana ƙyas ƙyas ƙyas, da na mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa, da kurar 'yan garuwa jarkoki suna karo da juna. Duk bidiyon da na buɗe sai na tarar an danne shi da wata waƙa, sai in ga garinmu amma ban ji shi ba.

'Yar Fagge:
Ɗora kiɗa a kan Kurmi ai zuba magi ne a fura 😂 kasuwar da kanta kiɗa ce

Editan Zoo Road:
To shikenan kun taru a kaina. Tunda ya dage bari in faɗa masa abin da zai cece shi, don aikin sauti ya fi na hoto wuya nesa ba kusa ba, mutane ba su sani ba ne.

Wannan makirfon na riga ka ajiye shi a gida ko ka bar shi don hira. An yi shi ne don ya kama muryar wanda ya maƙala shi, abin da za ka dawo da shi numfashinka ne da gogar rigarka da ƙarar takalminka. Yawancinsu ma suna da abin tace hayaniya, kai kuwa hayaniyar ka fita nema, zai ɗauki kasuwar gaba ɗaya a matsayin datti ya share maka ita, sai ka ji murya kamar daga cikin ruwa. Idan yana da makunnin tacewa ka kashe. Mafi kyau ka nemi aron ƙaramar rikoda mai baki biyu irin Zoom H1n, ita tana raba dama da hagu, idan adaidaita ya wuce ka ta dama mai kallo da iyafis zai ji shi ya wuce ta damarsa. In babu, waya ta biyu ta isa, ka riƙe ta daban. Duk inda za ka fara sabon ɗauka ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara, wannan tafin shi za ka bi ka daidaita sauti da hoto a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, in ba haka ba sai ka kwana kana ja kana turawa.

Sai iska. Yanzu muna shiga hunturu, a kan Dala iska za ta cika maka sauti da buu buu har ba ka jin komai, kuma wannan ba ya gyaruwa a editin, ko wa ya ce maka yana gyaruwa ƙarya yake. Ka sa wa makirfon sosonsa mai gashi, in ba ka da shi ko safa mai kauri ka ninka ka sa, kuma ka juya wa iskar baya.

Wayar ka sa ta a yanayin jirgi kafin ka danna, kira ɗaya ya ishe ka asara. Ka ɗauka a firem 25 ko 50 ba 30 ba, wato adadin hotunan da kamara ke ɗauka a sakan guda, saboda wutar ƙasar nan 50 take bugawa a sakan, cikin rumfunan Kurmi da ƙwai ke kunne da rana za ka ga hoton yana ƙyafta in ka bar shi a 30. Kuma ka kulle haske da hannunka, lungu duhu ne, bakin lungu rana ce tas, in ka bar wa waya ta zaɓa sai ta dinga tashi tana faɗuwa.

Ɗan Yakasai:
Allah ya saka da alheri oga, wannan karatu ne kyauta. Maganar firem ɗin nan ban taɓa jinta ba. To gimbal fa, sandar nan da ke hana hoto girgiza, dole ne?

Editan Zoo Road:
Ba dole ba ne, a Kurmi ma cikas ne. Hanyar da mutum biyu ke gogar kafaɗa ga ɗan dako da kaya a ka yana a ba ni hanya, ina za ka miƙa sanda? Riƙe da hannu biyu, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ka ɗan sassauta gwiwa ka taka a hankali. Kuma ka dinga tsayawa. Sababbin shiga ba sa tsayawa, sai su yi ta wainiya da kamara dama hagu har kan mai kallo ya juya. Ka ga abu, tsaya cak, ƙirga goma a zuci, sannan ka motsa.

Malam na Madabo:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma yaro Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Amma duk kun yi ta maganar na'ura, ba wanda ya yi maganar mutane, alhali cikin birni ba fili ba ne, gidajen mutane ne. Lungun da za ka bi ka ga kamar hanya ce, a wajen masu shi tsakar gida ce ta biyu, nan mata ke leƙowa su aiki yaro, nan ake shanya, nan dattijo ke shimfiɗa tabarma da 'yar shara a jikinsa. Kai ɗan Yakasai ne ka san haka. Kafin ka ɗaga waya a kowace unguwa ka nemi mai unguwa, in ba ya nan ka tsaya majalisar dattawa ka yi sallama ka tsuguna ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da ya kawo ka. Sau da yawa za su haɗa ka da yaro ya raka ka, wannan yaron ya fi maka kowace takarda.

Sannan hanyar da ka zana tana da wuraren da ba a wasa. Gidan yarin Kurmawa yana nan jikin gidan Sarki, kada kamararka ta kalli wajen ko da kuskure. Haka ofishin 'yan sanda da banki da duk inda ka ga jami'i da bindiga. Ƙofar Kudu ka tambayi dogarai tukuna, Gidan Makama kuwa gidan tarihi ne na gwamnati, suna da ƙa'idarsu ta ɗaukar hoto, ka tambaya a bakin ƙofa.

Sarkin Yawo:
Malam da girmanka amma ni a nan na saɓa. Duk ranar da ka ce wa mutum zan ɗauke ka, ka gama kashe hoton. Mai shayin da yake ta zuba zance zai gyara hula ya ƙame, yara su taru suna ɗaga yatsu biyu suna a ɗauke ni a ɗauke ni, wani ya fara gaida 'yan uwansa na Legas. Shikenan ba Kano ka ɗauka ba, ka ɗauki mutanen da suka san ana ɗaukarsu. Masu yin wannan a Tokyo da Istanbul da Alƙahira tafiyarsu kawai suke da kamara a ƙirji, ba sa tambayar kowa, shi ya sa nasu yake fita kamar kana wurin. Titi na kowa ne. Ni a aljihun gaba nake sa waya idonta a waje in yi tafiyata.

Maman 'Yan Biyu:
Sarkin Yawo wato kai ne irin waɗanda muke tsoro kenan. Titi na kowa ne amma fuskata tawa ce. Kun san abin da ke faruwa idan hoton mace ya shiga TikTok ba da saninta ba? Ba a kallon ganuwa ba a kallon gini, ita za a yanko a sa mata waƙa, a shiga kwamen ana wace ce wannan a ba mu lamba, kafin magariba an tura wa mijinta ko surukarta ko wanda zai aure ta. Yarinya 'yar talla ta fito da farantin gyaɗa neman na cefanen uwarta, ta wayi gari garin nan kaf ya san fuskarta. Kai ka samu mabiya ita ta samu magana. Ɗan Yakasai ƙanina in dai za ka yi, mata da yara mata ka saukar da kamara ƙasa ko ka juya ta bango har su wuce, sautin ai yana shiga, ba shi ka ce kana nema ba?

Sarkin Yawo:
Hajiya ni fa ba mata nake bi ba, kar a mai da ni wani iri

Maman 'Yan Biyu:
Ban ce kana bi ba. Wayar da ke aljihunka ce ba ta san ta kau da kai ba.

'Yar Fagge:
Maman biyu ta gama magana wlh. Kuma a Tokyo ɗin da kake faɗa wa ya san wa? A cikin birni kuwa mutum ɗaya ya gani ya ce ai wannan 'yar gidan wane ce a Alfindiki, magana ta ƙare.

Malam na Madabo:
Ɗana Sarkin Yawo, matsalar da ka faɗa gaskiya ce, mutane suna ƙamewa. Amma maganinta ba ɓoye waya ba ne, maganinta zama. Ka yi sallama, ka sayi shayin, ka ajiye kamarar tana kallonsu ka yi ta hirarka. Mai shayi ba zai iya ƙamewa har abada ba, ga mai jiran indomi ga ruwa yana tafasa, da kansa zai manta da kai ya koma kaɗa ƙwansa. Yaran ma ka ɗauke su ka nuna musu su yi dariya, in sun gaji za su watse. Abin da kuke so ku samu a minti biyu da sata, mai haƙuri yana samunsa da izini, kuma gobe in ya dawo a ba shi wurin zama. Wanda aka kama da waya a aljihu tana ɗauka kuwa, a zamanin nan da kowa ke zargin kowa, Allah ya kiyaye, kafin ya yi bayani an tara masa jama'a.

Admin:
A ci gaba amma a kiyaye harshe don Allah, muhawara ce ba faɗa ba.

Jikan Marina:
Tunda daga wajenmu za ka fara bari in sa baki, kakana marini ne kuma a nan na yi wayo. Kowa ya zo Ƙofar Mata ramukan yake ɗauka, ya karanta cewa tun 1498 suke, ya ɗauki dattijo yana tsoma zane ya tafi. Kai ka yi abu biyu da ba sa yi.

Na farko ka tsaya a kan zane ɗaya kada ka yanke. Ruwan baba da toka ne a ramin, idan aka tsamo zanen ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake, sai iska ta buge shi a hannun marinin ka ga yana juyewa shuɗi a gaban idonka, ya sake tsomawa ya sake ɗagawa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda yake so. Masu sauri ba sa kama wannan don ba sa jira. Ka matso da rikodarka bakin ramin kuma, ɗigar ruwan da ke komawa ciki tana da wata ƙara mai zurfi saboda ramin ya fi tsayin mutum.

Na biyu ka nemi ɗakin masu bugu. Nan ne sautin da kake nema yake. Mutane ne zaune a gaban gungumen itace, an ninke shadda ko zanen da aka rina an ɗora, kowa da guduman itace suna bugawa har ya yi ƙyalli, kuma ba haka kawai suke bugu ba, wannan ya sauke wannan ya ɗaga, in ka rufe ido sai ka rantse kiɗa ake. Ƙarar tana da ƙarfi sosai a ɗaki, ka rage ƙarfin rikoda ko ka tsaya bakin ƙofa don kar ta fashe. A da har unguwa guda aka sa wa suna da sana'ar nan, Kwarin Mabuga. Yanzu ramuka da yawa a marinar ba kowa a kansu, yara ba sa son gadon, atamfa da shaddar kanti sun cinye kasuwar.

Kuma don Allah ka zo da abin hannunka. Ko ka sayi ɗan ƙyalle ko ka ba da na goro, mutanen nan sun gaji da a ɗauke su a tafi a ci kuɗi da hotonsu su ko sisi.

Sarkin Yawo:
To ka ji, an fara. Da ka ba wa ɗaya kowa zai miƙo hannu, kafin ka kai Jakara aljihunka ya huje. Wannan ai ɓata mutane ne.

Jikan Marina:
Ɓata mutane? Kai idan YouTube suka fara biyanka za ka ce a'a kar ku ɓata ni? Mutum ya tsayar da aikinsa ya maimaita maka tsomawa don haskenka bai yi ba, sai ka ce masa na gode ka wuce. Ban ce ya raba wa duk wanda ya gifta ba, wanda ya zauna a kansa ya ɗauki sana'arsa nake nufi.

Ɗan Yakasai:
Na karɓa yaya, zan sayi ƙyalle in sha Allah, dama ina so. Maman biyu ke ma na ji, kamara ƙasa. Amma akwai abin da yake damuna, in na bi shawarar Malam na zauna a ko'ina to ai tafiyar ba za ta yiwu a yini ɗaya ba, ni kuma so nake ya zama kamar tafiya guda daga safe zuwa yamma.

Editan Zoo Road:
Wa ya ce maka a yini ɗaya ake yi? Mai kallo ne zai ga yini ɗaya. Ka fara zuwa hannu rabbana, ba kamara, ka bi hanyar ka gaisa da mutane ka lura da ƙarfe nawa rana ke shiga wane lungu. Sannan ka raba, yau marina da safe, gobe Kurmi da hantsi, jibi Dala bayan la'asar. Tsakar rana ka huta, hasken Kano na azahar ba ya yi wa kowa kyau, ido ya faɗa rami, bango ya yi fari fat, wayar ma ta yi zafi ta ce maka ta daina. Abin da za ka kiyaye kawai yanayi ya zo ɗaya, kar rabin bidiyon ya zama garau rabi kuma hazo ya rufe gari.

Wani abu kuma da na manta, masu sayar da waƙoƙi da masu cajin waya da ke sakin sifika. Idan waƙar wani ta shiga bidiyonka ko daga nesa ne YouTube na iya ganewa su ce ta mai ita ce, kuɗin tallan ya tafi can. Ka ji waƙa ka wuce da sauri ko ka yanke wurin. Shi ya sa a kowane wuri ka tsaya ka naɗi minti guda na sautin wurin zalla ba motsi, da shi za ka toshe ramin da ka yanke.

Baƙon Jidda:
Oga edita ashe kai ma kana son abin, kake ta cewa ba mai kallo 😄

Editan Zoo Road:
Har yanzu ina nan kan bakana ba mai kallo, ku goma ne. Amma in za a yi a yi mai kyau.

Malam na Madabo:
Ko mu goma ne a yi. Ku yara ba ku san yadda ƙarar gari ke canzawa ba sai kun tsufa. Kafin 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, Kano ƙarar babur ce tun asuba har dare, yau yaro ɗan shekara goma bai san wannan Kanon ba, adaidaita ya tarar. Ina luguden daka da ake ji daga gidaje da hantsi, mata biyu uku a turmi ɗaya? Injin niƙa ya ɗauke. Kududdufan cikin birni da kwaɗi ke kwana kuka da damina an cike yawancinsu an yi gini. Rafin Jakara an rufe shi an ɗora titi. Ƙofar Na'isa da idonmu aka rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya aka gina sabuwa, hoton tsohuwar yana nan a wajen mutane, amma wa ya naɗi yadda takun jaki da kaya ke amsawa a cikinta? Turawa sun bar mana hotunan Kurmi na sama da shekara ɗari, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, muna ganin rawuna da raƙuma, amma duk bebaye ne. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Kunne ma haka yake.

In za ka ji tawa, Dala kada ka bar ta sai yamma kaɗai. Ka hau kafin asuba da abokin tafiya, ka kunna rikoda ka yi shiru. Ladani ɗaya zai fara daga can wajen Gwammaja ko Koki, wani ya karɓa, wani ya karɓa, har garin kaf ya ɗauka ta kowace kusurwa, ga zakaru a ƙasa. Ba hoto a lokacin sai fitilu, amma ba ka buƙatarsa.

'Yar Fagge:
Baba Malam wannan shawarar da kyau amma hawa Dala cikin duhu da waya a hannu? A garin nan da ake ƙwacen waya da rana tsaka? Ni dai ban yarda ba

Malam na Madabo:
'Yata shi ya sa na ce da abokin tafiya, kuma ya fara gaida mutanen gindin dutsen tun ana gobe zai hau, 'yan sintirin unguwar su san da zuwansa. In hankalinsa bai kwanta ba ya nemi gidan bene a kusa ya roƙi a bar shi ya hau sama, kusan duk ɗaya ne.

Maman 'Yan Biyu:
Benen ma ya tambaya da kyau, daga sama ana hango tsakar gidan maƙwabta. Kan Dala ma haka ne, masu zuƙo hoto suna leƙa gidajen mutane ba su sani ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku 'yan uwa, ina biye da ku daga Zinder. Mu ma nan unguwar Birni haka take, lunguna da gidajen ƙasa masu zane a fuska ga fadar Sultan, kuma maganar Malam ita ce, in ba ka gaida mutane ba ba ka ɗaukar komai. Abin da zan ƙara, ka riƙa faɗin sunan wuri da rana da lokaci a farkon kowane naɗi da bakinka, daga baya ka yanke. In ka tara fayil da yawa duk lungu kama yake da lungu, ba za ka tuna wanne ne Sharifai wanne ne Bakin Zuwo ba. In ka gama naka ka zo mu yi na nan, masauki na wuyana.

Ɗan Yakasai:
Na gode ƙwarai ɗan uwa, Allah ya bar zumunci, zan zo in sha Allah.

Mai Jirgi:
Ni duk wahalar nan ban gane mata ba. Ina da jirgi mara matuƙi, minti goma na ɗauke maka daga Ƙofar Mata har Goron Dutse, badala da masallaci da komai, ka huta da gaishe-gaishe.

Editan Zoo Road:
Jirginka yana jin magana? Ƙarar farfelarsa kaɗai zai kawo. Kuma kana da izinin hukumar jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro? Ka tashe shi a saman gidan Sarki da Kurmawa ka gani, mu dai za mu kai maka abinci.

Mai Jirgi:
😂😂 a bar maganar

Jikan Marina:
Daga sama ai rufin kwano kawai za ka gani. A Kurmi sai ka sunkuya ka shiga layin 'yan sirdi ka ji ƙarar linzami da likkafa ana juya su, ka wuce wajen masu ƙwarya da tabarmi, ka fito wajen masu littattafai inda ake ciniki ƙasa-ƙasa kamar ba kasuwa ba, kowane layi da muryarsa. A Jakara kuma ka je wajen masu gurasa da wuri, amma wannan a cikin gidaje ake yi kuma mata ne, sai dai ka tafi da 'yar uwarka ta shiga ta nema maka izini, in sun ce sauti kawai to sauti kawai.

'Yar Fagge:
In ba shi da mai shiga ni zan raka shi, amma gurasa bandashe a wuyansa

Sarkin Yawo:
Ni dai har yanzu ina ganin kun mai da abu mai sauƙi aikin hajji. Mai unguwa, dattawa, dogarai, 'yan sintiri, na goro, 'yar rakiya. Kafin ya gama neman izini wani ya shiga da waya a aljihu ya fito ya saka ya kwashe masu kallo. Kuma ku faɗa min gaskiya, a tsakiyar Kurmi mutum dubu suna wucewa, duk sai ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya ya tambaya?

Malam na Madabo:
A'a, kasuwa daban lungu daban. A kasuwa ya gaida shugaban layin, ya riƙe kamararsa a fili kowa na gani, wanda ba ya so zai kauce ko ya ɗaga hannu, shi kuma ya sauke. Wanda zai tsaya a kan fuskarsa ko rumfarsa shi ne zai tambaya. Ɓoyewar ce ba na so.

Sarkin Yawo:
To wannan da sauƙi. A kasuwa na yarda a riƙe a fili. Amma na goro ban yarda ba har gobe.

Jikan Marina:
Ka zo marina ka faɗa musu da bakinka

Baƙon Jidda:
Ɗan Yakasai in ka gama wannan don Allah ka ajiye rikodar zuwa azumi, ka naɗo mana tashe daga goma ga wata da masu tashin sahur, sannan hawan Daushe, kakaki da tambari da bindigogin 'yan bindiga. Tun da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun gado na duniya a 2024 kowa dawakai yake ɗauka, ba mai tsayawa kusa da masu algaita.

Editan Zoo Road:
Bindigar nan in ta tashi kusa da rikoda sai ta fasa sautin, a rage sosai a tsaya nesa. Ɗan Yakasai memorin wayarka nawa ne ma? In 64 ce kar ka soma 4K, ka tsaya a 1080 kuma kullum ka dawo ka juye a kwamfuta wuri biyu. H1n ɗin akwai a wajena, ka zo shago ka karɓa amma batir naka ne, ƙananan nan guda biyu take ci, ka sayi masu kyau ka riƙe wasu a aljihu.

Ɗan Yakasai:
128 ce oga. Gobe bayan azahar zan shigo in sha Allah. 'Yar Fagge wace rana kike da sarari, don masu gurasa tun da duku-duku suke farawa?

'Yar Fagge:
Asabar. Amma ka fara tambayo su tukuna, kar mu je mu tsaya a zaure kamar 'yan bashi